Yadda kurkunu ya raba ni da zagayen gona

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, kuma da yawanku kun sha tambayata dalilin ɗingishin da nake yi. Masu tsokana har cewa suke wai babur ne ya kayar da ni a hanyar zance. Ba babur ba ne. Yau dai zan faɗa muku.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina sabon ango a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Kullum da safe ni da Baba muna da zagayenmu. Mu fita ta bayan masallaci, mu bi bakin kanal ɗin noman rani, mu ratsa gonarmu, mu huta a gindin tsamiya, mu dawo gida ta burtali. Ba ma komawa ta inda muka fito. Baba yakan ce wanda ya juya, rabin gonarsa kawai ya gani.

Kusa da tsamiyar akwai kududdufi. Nan muke sha da tafin hannu, muna yabon sanyinsa.

Damina na kamawa sai ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Matata Hajara ta duba ta ce, "Malam, kurkunu ne."

Muka yi yadda kowa ke yi: a naɗe tsutsar a tsinke, kullum a ja kaɗan. Rannan ta tsinke a ciki. Kafin ka ce me, ƙafa ta kumbura suntum, ko yatsa ba na iya motsawa.

Baba ya ce sakiya za a yi. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙarfe wanzami ke sawa a wuta ya yi ja, ya huda kumburin. Hajara ta ce, "Baba, da an kai shi asibiti." Ya ce, "Haka aka yi wa kakansa, ya tashi ya yi noma."

Ƙarti suka danne ni. Ihun da na yi, an ce har bakin kanal an ji.

Maimakon sauƙi, abin ya ci gaba. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ƙudaje. Ina kwance a zaure ina jin mutane na wucewa gona da fartanya, ciyawa kuwa tana cinye tamu. Ko bayan gida sai an ɗauke ni. Wallahi na yi kuka, na juya fuska bango don kada amarya ta gani.

Da na fara sambatu aka ɗora ni a amalanke zuwa titi, daga nan a-kori-kura zuwa asibiti a birni. Baba ya sayar da jakinsa don magani.

Likita ya kwance tsumman, ya ce, "Wa ya huda ƙafar nan?" Baba ya sunkuyar da kai. Likitan ya ɗauki biro ya ja layi a ƙasan gwiwata, daidai inda kumburin ya tsaya. Ya ce, "Baba, in ya haye layin nan, sai dai mu yanke."

Aka ɗebi jini. Allura safe da yamma. Wankin ciwo kuwa, in na hango ma'aikaciyar jinya da tirenta sai in damƙe ƙarfen gado. Ba abin da ke hannuna. Ina farkawa layin biro nake fara dubawa.

Mutumin da ke kusa da gadona an riga an yanke masa tasa ƙafar. Ba na son kallonsa, kuma idona ba ya barin wajen. In tsoro ya yi yawa sai in rufe ido in yi zagayen a zuci: masallaci, kanal, gona, tsamiya. Sau da yawa ba na kaiwa burtali.

Wata safiya likita ya danna ƙafar, ya ce, "Ta tsira. Amma ba za ta koma kamar da ba." Hajara ta fashe da kuka. Baba kuwa fita ya yi waje.

Sai da alkama ta tsiro na iya taka ƙasa da sanda. Na ce zan yi zagaye. Na waiwaya sai ga Baba, dattijo da furfurarsa, ɗauke da kujera 'yar tsugunno a ka, mata na leƙe ta katanga.

Muna isa tsamiya ƙafa ta ƙi. Na ce, "Baba, mu juya, ba zan iya ba."

Ya ajiye kujerar ya ce, "Ko ka juya ko ka ci gaba, nisan ɗaya ne. Zauna. Ni na kira wanzami, ni zan ɗauki kujera."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa kan maganar ke nan. Muka wuce kududdufin da ƙishinmu, muka shigo ta burtali ana kiran azahar.

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafata. Na gode wa Hajara, da likitan nan da ban ma riƙe sunansa ba. Allah ya jiƙan Baba.

Kurkunu ya zama labari yanzu, amma halinmu na nan. Don Allah, kumburi ko ciwon da ya fara wari, kada a huda a gida, kada a jira sai an fara sambatu. A tafi asibiti. Ruwan da ba ku yarda da shi ba, a tace a tafasa. In mai jinyarku ta ce a tafi, ku saurare ta.

Kujerar tana nan a zaurena. Har gobe ina zagayen da ɗingishina, kuma ta burtali nake dawowa.