Hutun Rudina a Molfetta

Rudina 'yar Petrit masunci ce, a unguwarmu ta bakin tafki a garin Pogradec. Shekararta ashirin da huɗu lokacin da abin nan ya faru, kuma kafin sannan ba ta taɓa kwana a wata ƙasa ba. Aikinta rainon yara a makarantar ƙanana, yara ashirin a ajinta, duk ta san wanda ke fitsarin kwance da wanda ba ya cin wake. Mahaifiyarta ta rasu tana ajin ƙarshe a sakandare. Bayan shekara biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Petrit. Ya tashi, amma da sanda, da baki a karkace, da saurin fushin da ba a san shi da shi ba a da. Shi ya sa da 'yan ajinsu suka watse, wasu Jamus wasu Italiya, ita ta zauna. In an ce mata, "Ke yaushe za ki tafi?" sai ta yi dariya ta ce, "In kowa ya tafi wa zai ci kifin tafkin?"

Ƙawayenta biyu ne tun suna firamare, Majlinda mai baki da Brikena mai shiru. Shekara uku ke nan da suka tsallaka teku zuwa Italiya. Brikena tana wanki da guga a wani otal a birnin Bari. Majlinda kuwa tana kula da wata tsohuwa a garin Molfetta da ke kusa da Bari, can take ci can take kwana. Hotunan da suke turowa duk na bakin teku ne, da gilashin rana a goshi.

A watan Yuni Majlinda ta kira ta.

"Ke 'yar ƙauye, bana sai kin zo. Sati na biyu na Yuli. Kin ji ni? Na biyu, ba na uku ba."

"Baba fa?"

"Gwaggonki mutuwa ta yi? Kwana goma ne kawai. Ki zo ki ga duniya kafin yaran nan su tsofar da ke."

Gwaggo Lumturi, yayar Petrit, ta yarda za ta zauna da shi, bayan ta yi mitar da ta saba. Rudina ta sayi rigar wanka mai ruwan ɗorawa, ta ɓoye ta a ƙasan jaka. Mahaifiyar Majlinda, Inna Drita, ta kawo kwalba biyu na ɓauren da ta dafa da sukari, ta naɗe su da tsohuwar jarida, ta ce a kai wa 'yarta, a kuma duba mata ko ta rame.

Jirgin ruwa ya sauke ta a Bari da hantsi. Brikena ce kaɗai ta zo tarbarta. Suka rungumi juna har suka tare wa mutane hanya. Rudina ta ga tabon ƙunar dutsen guga a wuyan hannunta, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Ina Majlinda?"

"Ba ta iya fita. Za ki gani."

Ta gani kuwa, da suka isa Molfetta. Gidan tsohon gini ne na dutse a wani lungu, hawa ɗaya, tagogi a rufe saboda zafi, ko'ina warin magani. Tsohuwar sunanta Nunziata, shekararta tamanin da shida. Ƙafafunta garau, hankalin ne ya tafi. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta kama hanya. Don haka kullum ƙofar a kulle take, makullin kuma a rataye a wuyan Majlinda da igiyar takalmi. Ɗan tsohuwar, Saverio, yana zaune a wani gari kusa, sai ranar Lahadi yake zuwa. Da ƙyar ya amince baƙuwa ta sauka a gidan, a kan gadon naɗewa a kicin.

Majlinda ta rame, bakin dai yana nan.

"Ga fadar tawa," in ji ta. "Wancan ɗakin gimbiya ne, wannan na baiwa. Teku kuma in kika leƙa ta tagar banɗaki kika karkatar da wuya, za ki hango shi."

Kwana uku suka yi haka. Da safe a yi wa tsohuwa wanka, a ba ta magani, a yi fama da ita ta ci abinci. Da yamma su riƙe ta hannu bibbiyu su zaga bakin tashar jiragen ruwa na awa ɗaya su dawo. Tsohuwar ta ɗauki son duniya ta ɗora wa Rudina. Rosaria take kiranta, sunan wata ƙanwarta da ta tafi Amurka tun kafin a haifi Saverio. Takan riƙe mata kumatu ta yi ta zuba zance. Rudina, wadda Italiyancinta na kallon talabijin ne, rabi take ji, sauran ta gyaɗa kai.

Rana ta huɗu Rudina ta tashi ta tarar da Majlinda ta sa farar riga, ta ɗaure gashi.

"Ina zuwa haka?"

"Birnin Bari za ni. Jarrabawa zan rubuta, ta shiga makarantar masu taimaka wa nas-nas a asibiti. Sau ɗaya ake yi a shekara. Na roƙi Saverio ya ba ni yinin, ya ce ba shi da wanda zai zauna da ita."

"Ya san za ki tafi?"

"Ya sani mana, a mafarki. Haba Rudina, awa huɗu ne. Ke da kike da yara ashirin kullum, tsohuwa ɗaya ce za ta gagare ki?" Ta cire igiyar daga wuyanta ta rataya mata. "Abu ɗaya tak: ƙofa."

Wajen ƙarfe goma da rabi mai kawo tukunyar gas ya ƙwanƙwasa. Rudina ta buɗe masa, ya shigar da ita, ya tafi. Tana mayar da ƙofar wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Lumturi ce, tana magana sama-sama: Petrit ya ƙi shan magani tun jiya, ya jefe ta da kofi, ya ce ba wanda zai ba shi sai 'yarsa. Muryar tana yankewa saboda kaurin bango, sai Rudina ta ruga barandar baya.

"Baba, don Allah. Ƙaramar farar ƙwaya da rabin ja. Gwaggo ta sani."

"Ta san me? Wannan ko miya ba ta iya ba. Yaushe za ki dawo?"

Ta yi ta lallashinsa kamar yadda take lallashin 'yan ajinta, har ta ji ya haɗiye. Da ta dawo ciki, kujerar tsohuwa ba kowa. Makulli yana jikin ƙofa inda ta bar shi ba ta murɗa ba, ƙofar a wangame. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura biyar.

Ta sauka da gudu da silifas. Ta duba lungun hagu, ta duba na dama. Ta nufi tashar jiragen ruwa inda suke zagawa, ta bi masu gyaran raga ɗaya bayan ɗaya. Duk kalmomin da ta sani suka gudu daga kanta. Sai dai ta nuna tsayin tsohuwar da hannu ta ce, "Kaka, baƙar riga, kaka." Wasu suka girgiza kai, wani ya nuna mata coci. Ta shiga cocin, ba kowa sai mai shara. Ta kira Majlinda, waya a kashe. Ta kira Brikena.

"Lambar Saverio tana manne a jikin firij," in ji Brikena. "Ki kira shi yanzu-yanzu."

"In na kira shi korar Majlinda zai yi."

"Rudina, ki kira shi."

Ba ta kira ba. Ta ce wa ranta tsohuwa ce, ina za ta iya kaiwa, bari ta duba kasuwa tukuna. Daga kasuwa ta ce bari ta duba lambun tsakiyar gari. Rana ta take, shaguna suka fara sauke ƙofofinsu, tituna suka yi tsit. Sai da ƙarfe sha biyu ta gota ta koma gidan, ta danna lambar.

'Yan sanda ne suka same ta wajen ƙarfe huɗu, can bayan layin dogo, inda gari ya ƙare gonakin zaitun suka fara. Ta faɗi a gindin wata katanga, ƙugunta ya karye, leɓɓanta sun tsattsage don ƙishirwa. Ba wanda ya san tun yaushe take kwance a wurin.

A barandar asibiti Saverio bai ɗaga murya ba. Mutum ne mai furfura, da hular aiki a hannu yana ta murza ta. Ya dubi Rudina ya yi magana a hankali don ta gane.

"Ƙarfe nawa ta fita?"

"Wajen sha biyu," in ji Rudina. Ƙaryar ta fito tun kafin ta yi shawara da zuciyarta.

Ya juya wajen Majlinda, wadda ta iso da farar rigarta jiƙe da gumi. "Shekara uku ina cewa ke 'yar gida ce. Ki je ki kwashe kayanki. Makullin ki bar wa maƙwabciya."

Da jaka biyu da buhunan leda suka isa ɗakin Brikena a Bari, ɗaki ɗaya mai gado ɗaya. Ko zama ba su yi ba Majlinda ta fara.

"Abu ɗaya na ce miki. Ɗaya!"

"Babana ne ya ƙi shan magani."

"Kullum babanki! Har nan ma sai da ya biyo ki."

Rudina ta ji maganar har ƙashinta. Sai kuma wani abu ya faɗo mata. "Sati na biyu, ba na uku ba," ta ce. "Ashe don wannan kika gayyace ni. Brikena, kin sani?"

Brikena ta sunkuyar da kai tana gyara zanen gado.

"Eh, don shi ne," in ji Majlinda. "Kuma ina son ganinki, duka biyun. Me kike so in yi? Wa nake da shi a nan? Ke kina wanke ubanki a gida ana ce miki 'yar albarka. Ni ina wanke uwar wani, ko sunana ba ta riƙe ba. Hanyar fita ɗaya na samu, ɗaya, kin toshe min."

"Da kin gaya min gaskiya tun a waya, da na zo duk da haka."

"Da ba ki zo ba. Da kin ce Baba."

Brikena ta dafa taliya, ba wadda ta ci.

Washegari Brikena ta nemi izini a wurin aiki ta ja Rudina bakin teku, wai kada a ce ta zo ta koma ba ta taɓa ruwan ba. Rudina ta zauna kan dutse da kayanta a jiki, tana kallon yara suna tsalle. Daga nan ta ce a kai ta asibitin. Matar Saverio ce a bakin ƙofar ɗakin. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce marar lafiya tana barci, ta ja ƙofar. Rudina ta canza tikiti, ta koma gida saura kwana huɗu hutunta ya cika. Majlinda ba ta raka ta tasha ba.

A unguwa kowa ya tambaye ta Italiya. Ta ce akwai kyau, sai dai zafi. Inna Drita ta tare ta a gidan burodi ta ce, "Yaya 'yata? Ta rame?" Rudina ta ce lafiyarta ƙalau, ta gode da ɓaure. Petrit ne kaɗai ya ƙura mata ido da daɗewa, ya ce da karkataccen bakinsa, "Wa ya taɓa ki a can?" Ta ce ba kowa, gajiyar jirgi ce.

Majlinda ta ci jarrabawar, amma ba ta shiga makarantar ba, don ba wurin kwana ba aiki. Ta samu aikin kula da wani tsoho a garin Parma ta koma can. Nunziata ba ta sake taka ƙasa ba. A watan Disamba Brikena ta turo saƙo mai layi ɗaya cewa ta rasu. Rudina ta karanta shi a aji, ta sa yara su yi zane, ta fita baranda ta tsaya a cikin sanyi har sai da wata malama ta zo nemanta. Tun daga lokacin abokan aikinta suka lura ta zama mai ƙirga yara sau uku kafin a fita wasa, kuma ba ta ɗaga waya a bakin aiki ko wa ke kira.

Sai da aka shekara, a watan Agusta, Majlinda ta zo gida hutu. Suka yi kiciɓis a hanyar bakin tafki da yamma, lokacin da duk gari ke fitowa shan iska, ba halin kauce wa juna. Suka zauna shan kofi. Suka yi hirar wanda ya yi aure da wanda ya tafi Jamus. Can Rudina ta ajiye kofinta.

"Ba sha biyu ta fita ba. Sha ɗaya saura ne. Na fi awa ɗaya ban kira shi ba, ina tsoron kada a kore ki."

Majlinda ta daɗe tana juya cokali. "Brikena ta gaya min tun a daren," ta ce. "Ko da kin kira shi da wuri, korata zai yi."

"Na sani. Amma wataƙila da an same ta kafin ta faɗi."

"Wataƙila." Majlinda ta share ido da bayan hannu. "Ni ma da ban tafi ba. Kullum sai na tuna."

Ba su rungumi juna ba, ba wadda ta ce ta yafe. Majlinda ta ce ranar Asabar za ta koma Parma, tsohon nata ba ya yarda kowa ya yi masa aski sai ita. Rudina ta ce ta gaida Brikena in sun yi waya. Daga nan ta tashi, don ta bar wake a kan wuta.