Ɗaurin Noti na Biyu da Rasaki Ya Bar Mini

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar abokina Rasaki, bakaniken babur da ke da rumfa a bayan masu katako a kasuwar Katako ta Jos, kuma har yau ban san ko ya gama mini aikin da ya fara ba. Na san wannan ba irin maganar da ake buɗe ta'aziyya da ita ba ce. Ku yi haƙuri da ni, ita ce ta tsaya mini a rai.

Babur ɗin na mahaifina ne, tsohon ƙirar Ingila, baƙi, mai nauyi kamar buhun dankali uku. Da shi yake zuwa aiki Kuru tun ban iya ɗaura takalmi ba. Da ya dawo hannuna, Rasaki kaɗai na yarda ya taɓa shi. Bayarabe ne haifaffen Jos, Hausarsa ta fi tawa gudu, ga tsiya. Ni malamin makaranta ne, don haka Ticha yake ce mini, ko da kuwa zagina zai yi.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya sauka daga kanta. Idan ya buɗe kan injin ya mayar, notuna huɗun da ke riƙe kan sau biyu ake ɗaure su. Zai bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da yatsu biyu kacal a kan sifana. Sannan ka hau ka je Kuru ka dawo, injin ya yi zafi, ya kwana ya huce, da safe cikin sanyin Jos ya sake bin su. Wai ƙarfe yana saki bayan zafin farko. In ba a yi na biyun ba, baƙin mai zai tsiyaye, injin ya ƙone. In kuma aka matsa fiye da kima, ƙarfen da notin ke hawa ya karye a ciki, kuma irinsa ya ƙare a duniya. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane ya isa. Ya ce, "Ticha, kai yaya kake gane yaro ya fahimci lissafi? Haka."

Ya yi ɗaurin farko, na je Kuru na dawo, na kai babur gida. Muka yi da shi zan kawo masa jibi. Kafin jibin aka kwantar da shi a asibiti, daga can bai dawo ba. Na tura babur ɗin ƙarƙashin rumfar tsakar gida na lulluɓe da tamfol. Tsoro ya hana ni hawa, ya kuma hana ni barin wani ya taɓa notunan.

Wallahi ban san me zai ce da garejin yau ba. Yanzu akwai sifana mai lamba, kana saita ta, in ta kai sai ta yi ƙas. Wani bakanike mai hankali, wanda ya wanke mini kafireto ya sauya fulogi da mai a watan jiya, ya tambaye ni lamba nawa ake ɗaure irin wannan injin. Lambar tana cikin yatsun mutumin da muka binne. Wani lokaci ina ganin Rasaki zai yi wa wannan sifana dariya har ya riƙe ciki. Wani lokaci kuma ina ganin da shi zai fara saye, ya ɓoye mini. Shekara talatin muna tare, amma ko wannan na kasa yankewa.

'Yata ta ce ba injin nake tsoro ba, ba na so ne wani hannu ya hau inda hannunsa ya tsaya. Na yi mata faɗa. Da ta fita na zauna ina tunani, na kasa cewa ƙarya ta yi.

Makon jiya na je gaida matarsa, Iya Sikira, kamar yadda nake yi duk shekara. Cikin hira na ba ta labarin ɗaurin da bai samu yi ba. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ah ah, Ticha! Ai ranar da aka kai shi asibiti, da safe ya fita da sifana a aljihu. Ya ce zai leƙa babur naka, wai kai mantuwa gare ka."

"Ya isa gidan?"

"Wannan kam ban sani ba. Ya dawo yana haki, muka nemi mota."

A waccan safiyar ina aji, matata tana kasuwa, ƙofar gidanmu kuwa ba a kulle ta da rana. Babu wanda zan tambaya. Na koma gida, na rasa ko godiya zan yi masa ko fushi, na rasa ko shekara takwas na yi ina gadin aikin da aka riga aka gama.

Washegari da sanyin safiya na ɗauko sifana, na ɗora yatsu biyu yadda na sha ganin yana yi, na bi notunan a gicciye. Ko ɗaya bai motsa ba. Na yi murna na minti ɗaya, sai na tuna tsatsar shekara takwas ma tana iya riƙe noti haka.

Rumfarsa yanzu an cika ta da katako, kayan aikinsa sun watse. Abin da ya rage mini na Rasaki shi ne sanin halinsa: ban taɓa ganin ya bar aiki rabi da son ransa ba, ban kuma taɓa ganin ya yi alheri ya faɗa ba. Wannan ba hujja ba ce, na sani, amma ita kaɗai gare ni. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ranar Asabar zan hau in tafi Kuru. In ya ɗaure, zan dawo a kan babur. In bai ɗaure ba, zan dawo ina tura shi, kuma abin da ke ci mini rai shi ne ko wanne ya faru, babu rumfar da zan tsaya in faɗa masa.