Gurasar Gwaggo Mastura a Hawa na Huɗu

Gwaggo Mastura, yayar mahaifina, irin matan nan ce da idan ka ce abincinta ya yi daɗi sai ta dube ka ta ce, "To da me kake zato?" A Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi mahaifiyarta. Kakarta ce ta taso daga Kano ta biyo ta Sudan ta zo aikin hajji, ta zauna ba ta koma ba. Gwaggo ba ta taɓa taka Kano ba, amma in ka ji tana kushe gurasar wani sai ka rantse a Jakara aka binne cibiyarta.

Gidanta na unguwar Bani Malik ƙarami ne, ɗaki uku da ɗan tsakar gida, kuma a kusurwar tsakar gidan nan tanderunta yake. Mijinta, marigayi Malam Mahmudu, shi ya yi mata shi tun suna amarci. Ya samo wata babbar randar ruwa, ya haƙa rami ya binne rabinta, ya yaɓe sauran da laka. Shi direban motar kaya ne, bai san komai game da gini ba, amma tanderun ya yi ƙarko har ya rasu ya bar shi bai fashe ba.

Duk Juma'a Gwaggo takan kwaɓa fulawa bayan sallar asuba, da yis da gishiri da ɗan sukari da ruwan ɗumi, ta rufe kwaɓin da wani tsohon zane da ba wanda ya isa ya taɓa. Idan maza suka kama hanyar masallaci sai ta hura wuta a cikin tanderun. Da wutar ta lafa ta zama garwashi, sai ta jiƙa hannu, ta ɗebo kwaɓi, ta zura hannun har kafaɗa ta manna shi a jikin tanderun. Hannunta na dama ko gashi ɗaya babu, wuta ta cinye tun ba a haife ni ba. Kafin a sauko daga masallaci ƙamshi ya cika lungun, kuma ba sai an gayyaci kowa ba.

'Ya'yanta biyu ne, Abdulghani da Wejdan, kowa da aurensa da nasa gidan. Amma ranar Juma'a nan ake haɗuwa, da su da iyalansu, da mu 'ya'yan ƙannenta, da maƙwabta. Ita takan yi bandashe, ta yayyafa wa gurasar ruwa ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji ta zuba man gyaɗa da albasa. Jikokinta kuwa da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, da cuku suke cin tasu, tana yi musu faɗa da Hausa suna ba ta amsa da Larabci. A wannan tsakar gidan kaɗai yaran suke jin Hausa tun daga azahar har magariba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajiya Juwairiyya, Bahaushiyar Sudan, wadda ita ma take yin gurasa irin ta can. Tata ba ta shiga tanderu. Kullu ne mai ruwa-ruwa take zubawa a kan wani faffaɗan kaskon ƙarfe mai kunnuwa biyu, nauyi kamar dutsen niƙa. Shekara da shekaru matan nan biyu suna muhawara ta kan katanga.

"Juwairiyya, yau ma fanken ne ya baje miki?" Gwaggo za ta ɗaga murya.

"Ke dai ci gaba da ƙona hannu, ya Mastura," in ji waccan. "Mu mun waye."

Gwaggo ba ta taɓa cin gurasar Juwairiyya a gaban mutane ba. Amma ranar da Malam Mahmudu ya rasu, Juwairiyya ce ta fara shigowa, kuma ita ce ta ƙarshen fita bayan an watse.

Sai shekarar da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda ta zo, layinsu yana ciki. Kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Abdulghani ya kama wa uwarsa gida a unguwar Sharafiyya, a hawa na huɗu na wani bene, mai tsabta da na'urar sanyi da lifta. Juwairiyya ta koma wurin ɗanta can arewacin gari, tafiya mai nisa. Ranar kwasar kaya Abdulghani ya zo da diga ya yi ta haƙa a hankali don ya ciro tanderun, yana gumi yana bismilla. Da aka zo ɗagawa sai ya tsage gida biyu. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Halas, bar shi, ya gama aikinsa," ta shiga mota ba ta waiwaya ba.

Wejdan, don son uwarta, ta so sabon gidan ya zama sabo ta ko'ina. Ta tattara tsofaffin tukwanen nan baƙaƙe ta bai wa masu kwasar kaya, ta sayo jerin sababbin tukwane da kasake masu santsi, waɗanda ake yi wa talla cewa abinci ba ya kamu a cikinsu. Gwaggo ta yi godiya ta sa mata albarka, don ta san da zuciya ɗaya aka yi.

Juma'ar farko kowa ya zo. Abdulghani ya biya ta wurin masu tamis, burodin tanderu na kasuwa, ya sayo tuli guda, aka ci aka sha shayi, aka yaba gidan. Gwaggo ta gwada yin gurasa a cikin oven, ta fito a kumbure fara fat, ba ƙamshin wuta ba komai, ta hana a kai ta gaban mutane. Ta sa aka tambayi mai gadin benen ko za ta iya hura wuta a saman rufi, ya ce haramun, ko garwashin turare ba a yarda da shi a can ba.

Daga nan sai uzuri ya fara yawa. Wannan ya ce cunkoso, waccan ta ce yara suna da jarrabawa. Ba wanda ya yi faɗa da wani, tamis ne dai akwai shi a kowane layi, ba sai ka ratsa gari don shi ba. Na zo wata Juma'a na tarar daga ni sai ita, ta shimfiɗa ledar cin abinci ta mutum goma sha wani abu. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, kuma ya ba ni tsoro, don na ga dangin da aka tara a tsakar gida ɗaya suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ramewa a kan kujera.

Wata rana na same ta a kicin ta kunna gas tana kallon wutar kawai.

"Raghad," ta ce mini, "mene ne tanderu? Ba bango ne mai zafi da yake riƙe kwaɓi ba, wuta kuma tana gabansa? To in na manna kwaɓin a kasko, na kifa kaskon a kan wutar nan fa?"

Ta kwaɓa, ta kira Wejdan ta zo ta gani. Ta ɗora sabon kaskon ya yi zafi, ta jiƙa hannu, ta manna kwaɓin, ta ɗan jira, ta yi bismilla ta kifa. Kwaɓin ya sulale ya faɗa kan wutar, tim. Wuta ta mutu, hayaƙi ya tashi, muka shiga buɗe tagogi. Ta sake gwadawa da wani kaskon, shi ma haka.

"Ya ummi," Wejdan ta ce, "ai haka aka yi su. Ba sa kama komai."

Gwaggo ta juya kaskon tana dubawa. "Yanzu wani mai hankali ne ya zauna ya ƙera kaskon da ba ya riƙe abu, kuma aka ba shi kuɗi?" Da ta ga hawaye a idon 'yarta sai ta ajiye shi ta ce ba komai. Na yawata kasuwa na sayo mata kaskon ƙarfe, amma ba shi da kauri, kafin kwaɓin ya kama gindinsa ya ƙone.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne shawarar Abdulghani. Ya ce tunda haɗuwar mako-mako tana wahala, a mayar da ita wata-wata, a kama wurin shaƙatawa a bayan gari a yi odar abinci. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ita kuma ta ce to. Yana fita ta ɗauki abayarta.

"Yalla, tashi ki kai ni gidan matar nan."

"Wace mata, Gwaggo?"

"Mai fanke."

Mun sami Hajiya Juwairiyya ita kaɗai a ɗakin da ɗanta ya ware mata, talabijin tana ta surutu ba mai kallo. Ita ma ta rame. Suka gaisa kamar jiya suka rabu, aka tambayi gwiwa, aka tambayi hawan jini. Gwaggo ta yi ta kewaye-kewaye, har Juwairiyya ta gaji.

"Na ji labari, ya Mastura. An ce gurasar Kano ta faɗa wuta."

"Wa ya gaya miki?"

"Hayaƙin ne ya iso har nan."

Gwaggo ta haɗiye abin da ya taso mata. Ban taɓa ganin ta roƙi wani abu wurin kowa ba, sai ranar. "Kaskonki nake so aro," ta ce. "Yarana sun fara watsewa."

Juwairiyya ba ta ƙara tsokana ba. Ta sa na jawo kaskon daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsumma, don surukarta ba ta son a ɓata mata kicin da shi. Gwaggo ta shafa fuskarsa, ta ji santsin man da ya sha tun zamanin da, ta ce sai an kankare shi da gishiri an ƙone man kafin kwaɓi ya kama.

"Wallahi ba ki isa ba!" in ji Juwairiyya. "Man uwata ne a jikin nan. Ki kankare me?"

Sai ga su sun koma faɗan katanga, ni kuwa ina jin daɗi, don rabon da in ji muryar Gwaggo da ƙarfi haka tun Bani Malik. Can Juwairiyya ta kifa kaskon don ta naɗe abinta, sai dukansu suka zuba wa bayansa ido. Bayansa baƙi ne, kaushi-kaushi, mai bai taɓa taɓa shi ba. Gwaggo ta goga tafin hannunta a kai.

"Fuskar tawa ce," Juwairiyya ta ce. "Bayan kuwa ki yi yadda kika ga dama. Amma ba na ba da aronsa. Inda ya je, nan nake zuwa."

Ranar Juma'a da sassafe na je na ɗauko ta da kaskonta. Gwaggo ta wanke bayan ta kankare baƙin, ta ɗora a wuta har ya yi zafi, ta jiƙa hannu ta manna kwaɓi. Da ta zo kifawa sai ta kasa ɗaga shi, nauyin ya fi ƙarfin wuyan hannunta. Na matso zan kama, Juwairiyya ta ture ni. Ta naɗe kunne ɗaya da tsumma, Gwaggo ta kama ɗayan, suka yi bismilla tare suka juya shi, suka riƙe a saman harshen wutar.

Kwaɓin bai faɗo ba. Ya kumbura, ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, sai ga ƙamshin nan da na ɗauka an binne shi tare da tsohon gida.

"Ɗaga naki ɓangaren, kina karkata mini!" in ji Gwaggo.

"Ke ce gajera, laifina ne?"

Na ɗauki hoton gurasar farko na tura wa dangi ban rubuta komai ba. Bayan sallah Abdulghani ya fito daga lifta da ledar tamis a hannu, ya tsaya cak a bakin ƙofa yana shaƙar iska, sai ya koma ƙasa ya rataye ledar a hannun ƙofar mai gadi ya dawo. Wejdan ta zo da yaranta. Kafin la'asar falon ya cika har ana zama a hanyar kicin, yara suna neman ful da cuku, Gwaggo tana yi musu faɗa da Hausa. Maganar wata-wata ba wanda ya sake tayar da ita.

Da aka gama gasa ta Gwaggo, Juwairiyya ta mayar da fuskar kaskon sama, ta shafa mai ta zuba kullunta. Ta ɗauko ta farko da zafinta ta ajiye a gaban Gwaggo, a gaban kowa. Gwaggo ta gutsura ta tauna a hankali, ta ƙara gutsura.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Juma'a mai zuwa ki zo da wuri, in nuna miki."

Tun daga ranar kaskon bai koma ƙarƙashin gado ba. Yana jingine a kicin ɗin Gwaggo, kuma duk Juma'a da safe ni nake zuwa ɗauko mai shi, don har yau ɗayarsu ba ta iya kifa shi ta riƙe a saman wuta ita kaɗai.