Idon Labbo da Zaren Ingila

A Birnin Konni, idan ka bi hanyar tasha ka karya ta bayan masu faci, za ka tarar da wata rumfar kwano a gindin dogon yaro. Nan ne garejin Labbo. Mutum ne gajere, mai kauri, ya ba hamsin baya, kuma a shekara ashirin da shida da ya yi yana gyaran mota abin da aka san shi da shi ido ne. Ka jefo masa noti daga nesa, kafin ya kai tafin hannunsa ya faɗa maka lambar sifanar da za ta kwance shi. Direbobi har gasa suke yi da shi a kan haka, su kwaso tarkace cikin hula su zube a gabansa, shi kuwa ya yi ta kira, sha ɗaya, sha bakwai, sha uku, ko ɗaga kai ba ya yi sosai. Yana jin daɗin abin, ba ya ɓoyewa.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi da hannunsa ba, wato yanka zare, tsagin nan da ke zagaye jikin bulon, ƙusar da noti ke hawa. Idan zaren bulon ya cinye, ko ramin da ake ɗaura shi ya lalace, sai ya ɗauki ƙarfen ya kai wa Malam Zaidu, wani tsoho mai injin fiƙe ƙarfe a bakin kasuwa. Malam Zaidu ba mai magana ba ne. Zai karɓa, ya juya baya, ya ɗan yi laluben akwatinsa, can ya miƙo maka abinka ya gyaru. Me yake yi idan ya juya bayan nan? Labbo bai taɓa tambaya ba, don a ganinsa aikin tsofaffi ne. Bara da damina Allah ya yi wa Malam Zaidu rasuwa, magada suka sayar da injin da akwatin ga wani mutumin Maraɗi, shi ke nan aka bar Labbo da ramuka.

Dole ta sa ya tafi sayen nasa kayan. Taro da filiya ake ce musu a wannan ɓangaren, 'yan tsallaken iyaka kuma su ce tap da dayis. Taro shi ke shiga rami ya yanka zare a ciki, filiya ita ke hawa jikin bulon ta yanka a waje. Ya je shagon Saminu, wani ɗan kasuwa mai kawo kayan aiki daga Sakkwato. Saminu ya buɗe masa akwati biyu a kan teburi. Ɗaya ja ne, sabo fil, kowane ƙarfe kwance a gurbinsa, na milimita. Ɗayan tsohon akwatin katako ne, ƙarafan sun yi baƙi, na inci, irin na motocin Ingila na dā.

Labbo ya ɗauki jan, kuma gaskiya ba laifi a zaɓin. Motocin da ke shiga garejinsa yanzu na Japan ne da na Faransa, ga baburan kabu-kabu, duka milimita ne. Ya jinjina taro ɗaya a hannu, ya ƙwanƙwasa shi a bakin teburi ya ji ƙararsa, ya ce ƙarfen yana da kyau.

Sai Saminu ya ciro wani ɗan abu daga aljihun teburi, ƙananan faranta masu haƙora an haɗa su wuri ɗaya, kamar mataji.

"Haɗa da wanga, Maigida. Shi ka ɗora bisa zare ya gaya maka ko wane iri ne. Lambar tana rubuce jikinai."

Labbo ya karɓa, ya kawo shi kusa da fuska, ya ja shi nesa. Rubutun ya ƙi tsayawa. To ga abin da ba wanda ya sani, ko matarsa Jummai: kusan shekara biyu ke nan ƙaramin rubutu ya daina zama a idonsa. Noti yana gane shi don hannu ya saba, amma lamba ƙarama sai ta zama hayaƙi. Akwai direbobi biyu zaune a bencin shagon suna kallo. Ya ajiye matajin a teburi da ɗan ƙarfi.

"Ni za a ba mataji? Ka kai wa wanzami. Mi zan yi da shi?"

Direbobin suka kwashe da dariya, Saminu ma ya yi, ya mayar da abinsa. Labbo ya saɓi jan akwati ya fita yana jin kansa daidai.

Aikin farko da akwatin ya samu shi ne motar Rabo, yayan Jummai, mutumin Alela. Tsohuwar Landiroba ce da ya gada wajen mahaifinsa, ta girmi 'ya'yansa duka, kuma ita ce sana'arsa kaf. Ranar kasuwa ya ɗebo mata da buhunan wake da awaki ya kawo Konni, da yamma ya mayar da su. Idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauyukan can, ƙofarsa ake bugawa. Tun da Labbo ya auri Jummai ba wani makanike da ya taɓa sa hannu a motar nan.

Famfon ruwan injin ne yake ɗiga. Labbo ya kwance shi, ya ga ramukan bulon sun cika da tsatsa, ɗaya ma zaren ya fara cinyewa. Ya ɗaga bulon ɗaya ya duba. Shekara ashirin da sifana sha uku yake kwance su, kuma duk wanda ya riƙe sifana ya san sha uku ta bulon mai lamba takwas ce. Ya zaro taro takwas daga jan akwati.

Wayyo, nan gizo ke saƙar. Bulon ɗin na inci ne. Kansa bai kai sha uku cif ba, ɗan kaɗan ya rage, shi ya sa sifanar ke kama shi tsawon shekarun nan ba wanda ya lura. Kaurinsa ma kusan ɗaya ne da na takwas. Tazarar zaren ce ta bambanta, kuma wannan ba a ganin ta daga nesa ko da idon saurayi. Abin da Malam Zaidu ke dubawa ke nan idan ya juya baya.

Taron ya shiga zagaye biyu lafiya lau, a na uku ya cije. Labbo ya ce tsatsa ce, ya ɗiga mai, ya ƙara ƙarfi, ya wuce. Ya yi haka a rami na biyu, na uku, har ya gama da su duka, yana murna da yadda sabon ƙarfe ke ci. Sabon zaren ya bi ta kan tsohon ya yanke shi, abin da ya rage a ramukan bai fi ɓawo ba. Ya mayar da bulon ɗin, suka ɗan kama, ya tayar da mota, ba ɗigo ko ɗaya.

"Ta yi, Yaya," in ji shi. "Ba ka sake jin ta."

Kwana tara ta yi. Ranar kasuwa, da lodi har bisa rufi, a cikin yashin da ke tsakanin Alela da kwalta, bulon ɗin suka saki, ruwan ya zube ƙasa. Allurar zafi ta motar ta mutu tun zamanin mahaifin Rabo, saboda haka bai sani ba sai da injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Kan injin ya tsage, cikinsa ya kama. Mata suka sauko da ƙullin kayansu suka ƙarasa a ƙafa.

Labbo ya hau babur ya je ya gani. Ya zaro bulon ɗaya da yatsu, ba sifana, garin ƙarfe ya biyo shi. Nan take ya gane taronsa ne ya cinye zaren. Ya nemi inji irin wannan a Konni, ya aika Sakkwato, ya aika Tawa, aka ce an daina ganin irinsa. Shanu biyu suka ja motar zuwa gida, aka ajiye ta bayan rumbu, yanzu kaji ke kwana a cikinta.

Rabo bai ɗora masa laifi ba. Da ya yi faɗa, ko ya kai ƙara wajen dangi, da Labbo ya fi samun sauƙi. Abin da Rabo ya faɗa wa mutane shi ne mota ta tsufa, kwananta ya ƙare. Jummai ma haka ta ɗauka, har tana yi wa mijinta sannu da wahalar neman inji. Labbo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kuma rasa wanda zai gaya wa. Wata safiya da shagon Saminu ba kowa, ya je ya sayi matajin, ya sa a aljihu. Da direbobi suka sake kawo hular tarkace ya ce aiki ya yi masa yawa.

Bayan girbi Rabo ya haɗa amalanken shanu, da shi yake kawo wake yanzu, tafiyar da a dā yake yi kafin hantsi sai azahar yake isowa. Wata ranar kasuwa ya tsaya a gindin dogon yaron, ya sauko, suka gaisa, ya tambayi Jummai da yara. Sannan ya kwance bakin rigarsa ya fito da wani dogon bulon na gindin amalanken, zarensa ya lalace.

"Duba mani wanga, Labbo. Noti ya ƙi hawa."

Akwai makanikai sun fi goma tsakanin kwalta da garejin nan, duk ya wuce su. Labbo ya karɓi bulon ɗin. Lambar ta zo masa baki kamar kullum, ya haɗiye ta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da matajin, a gaban direbobi uku da ke zaune a benci, ya ɗora faranti ɗaya a kan zaren, haƙoran ba su zauna ba, ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku, haƙoran suka shige daidai. Ya kawo shi kusa da fuska, ya ja shi nesa. Sai ya miƙa wa Rabo.

"Yaya, karanta mani lambar ga. Ba ni ganin ta."