Ruwan da Baba Ya Ce Mai Tsarki Ne

Bana shekara bakwai ke nan da muka rasa mahaifina, Malam Garba mai ƙirgi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi sadakar ƙosai, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na yi sadakar, na yi addu'ar, amma shirun ya gagare ni.

Kakana ne ya taso daga Kano ya zauna Potiskum da fataucin fata, Baba kuma ya tashi a cikin sana'ar. Da wani kamfanin Turawa ya kafa rumfa a bayan kasuwar shanu, sai aka ɗora shi kan masu gyaran ƙirgi. Aikinsu shi ne su kankare ƙirgin, su tsoma shi cikin ruwan da aka narkar da wani farin gari, su shanya, don kada ƙwari su cinye shi kafin ya kai bakin teku. Garin a duron ƙarfe yake zuwa. Duk duron da ya ƙare, Baturen rumfar yakan bar wa ma'aikata, su ɗauraye shi sau ɗaya su cika da ruwan rijiya, tunda rijiyar da nisa take.

Baba ya yi karatun zaure sosai, shi ke ba su salla. Ina nan ranar da abokinsa Baba Modu, mutumin Barno, ya tsaya da buta a bakin duro yana shakka.

"Malam, wannan ruwa dai, alwala tana yi da shi?"

Baba ya kamfata a tafin hannu, ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya ce, "Launi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, wari babu. Mai tsarki ne, Modu. Ka dai nemi wata hujjar makara a sahu."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Bisa abin da aka karantar da shi, Baba bai faɗi ƙarya ba. Ina malaman zaure za su san akwai gubar da ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari? Wanda ya sani shi ne wanda ya kawo ta. Akwai gargaɗi a jikin kowane duro, da jan rubutu, da Turanci. A rumfar nan mutum ɗaya ne tak ke karanta Turanci, kuma shi ba ya alwala. Yana zaune a inuwa yana kallon dattawa suna kurkure baki da ruwan nan, suna shaƙa shi a hanci, yau da gobe, bai taɓa buɗe baki ba.

Ciwon a hankali ya shiga. Tafin hannun Baba ya yi kanta, fatarsa ta yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa masa laka, ƙafafunsa suka mutu da ji. Daga baya idonsa ya yi ɗorawa, gefen cikinsa na dama ya kumbura. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙo. Ranar da ya cika, kamfanin ya aiko akawu ya yi mana gaisuwa, ya tambayi inda mabuɗin rumfa yake.

Yanzu ina koyon aikin jinya. A watan jiya wani likita cikin masu koyar da mu ya nuna mana abin da ya hana ni sukuni. Ya ce a cikin hanta akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, su ke sarrafa dattin jiki, kuma wasunsu na ɗauke da 'yar ƙwayar wani ƙarfe mai suna molibdinam, wanda idan babu shi ba su iya komai. Ya matse hantar saniya a 'yar kwalba, ya ɗiga shuɗin ruwa, muna kallo shuɗin ya dushe. Ya ce to, suna aiki ke nan. A kwalba ta biyu ya fara ɗiga wa hantar wata guba mai suna asanik, sannan ya ɗiga shuɗin ruwan. Shuɗin ya tsaya cak. Gubar ta je ta zauna a kan ƙarfen nan ta danne shi.

Sai ya ɗauko wani magani mai warin tafarnuwa ya ƙara. Muka jira. A hankali shuɗin ya soma tafiya, kamar yadda gari ke washewa bayan hadari. Ya ce ai ba mutuwa suka yi ba, ɗaure su aka yi, maganin ya janye gubar sun koma bakin aiki. Ya ce allurarsa ta daɗe a hannun likitoci, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na tambaye shi me ake yi da asanik a ƙasar nan. Ya ce, "Ƙirgi ake tsomawa."

Ashe lokacin da muke ɗura wa Baba saiwoyi, akwai abin da zai iya kwance shi yana ajiye a kabad ɗin wani. Na san ajali na Allah ne, ba sai an tuna mini ba. Amma Allah bai ce a ɓoye wa mutum abin da ke cikin butarsa ba.

Da na zo hutu na wuce rumfar. An sake Bature, ba a sake komai ba. Duro na nan, butoci a jere. Baba Modu ya tsufa, ya miƙo hannu yana murna, na ga tafinsa ya yi irin kantar nan. Na ce masa ruwan guba ne. Ya yi murmushi.

"Haba 'yar Malam. Ubanki ne fa ya ce mai tsarki ne. Ke kin fi shi karatu?"

Abin da ya rage na Baba a garin nan ke nan. Ba gida ya bari ba, ba garke ba. Magana ya bari, wadda mutane ke riƙe da ita shekara bakwai bayan ransa don ba su taɓa kama shi da ƙarya ba. Na yi alfahari da wannan, kuma shi ne ke cin abokansa. Da zai dawo ya tsaya gaban kwalaben nan biyu, ba zai yi gardama ba. Da ƙafarsa zai ture duron, ya bi mutanensa gida-gida yana neman gafara.

Tunda ba zai dawo ba, ni 'yarsa na faɗa a madadinsa, a karanta wa duk wanda ke aikin ƙirgi: Malam Garba ya yi kuskure, ya janye maganarsa. Baba Modu kuwa bai yarda da ni ba tukuna, amma ya yarda zai raka ni asibiti ranar Alhamis, wai don kada a ce ya bar 'yar abokinsa ta hau mota ita kaɗai.