Bangon da Kumandan Ya Ɗora wa Raƙuma

Bari in faɗa da bakina kafin Hajiya Mariyama ta riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ni Ilu direba, da na yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wanda duk unguwar Gubaira ta Riyad babu mai ce wa Bature sannu ta hanci kamar ni.

A Damagaram aka haife ni, cikin Birni. Idan sanyi ya shigo, da an idar da isha'i sai kakarmu Iya Gambo ta hura wuta da karan gero a tsakar gida, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Cikinmu akwai Mariyama, 'yar kawuna, taubashiyata, wadda Allah ya rubuta zan aura don in fara biyan zunubaina tun a duniya.

Ni kaɗai aka sa lakwal a gidan. Mushe, malamin da ke koya mana, ya sa mun haddace tsofaffin lardunan Faransa da abin alfaharin kowanne: Normandi mai shanu da tuffa, Burgonyi mai inabi, Biritanyi mai masunta. Ban taɓa ganin tuffa ba, amma na san inda take tsira. Kullum kafin Iya ta buɗe baki sai in miƙe, in ƙame kamar soja, in rera su. Wata rana na ba wuta baya don jama'a su ga fuskar mai ilimi da kyau. Ina tsakiyar Normandi wandon lakwal ya kama. Mariyama ce ta kashe wutar da ƙwaryar kunu.

Iya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Zauna, maigidan. Ka ƙona mana Faransa."

Sai ta share toka da tafin hannu ta yi lumui, ta ce, "Wata ta taso daga toka."

Muka amsa, "Ta matso mu ji ɗuminta."

Ta ce a zamanin da Nasara ke mulkin ƙasar daga garinmu, an wayi gari sun ce za su kwashe mulkin su kai bakin kogi. Aka ɗora wa raƙuma tebura da tuta da agogon bango. Akwai wani Kumandan mai jan gashin baki, wai a ƙasarsu gidan kakanninsa na dutse ne, tun da aka gina ba a sake taɓa shi ba. Yana wucewa ta Birni ya ga fuskar wani zaure da baban Iya, magini, ya zana: dagi a tsakiya, layuka suna shiga juna suna fita, ba ka gane inda suka fara. Kumandan ya ce wannan ya fi ƙarfin garin da aka bari. A yanke bangon, a tafi da shi.

Aka yanke. Aka naɗe da tabarmi, aka rataya tsakanin raƙuma. Masu gidan suka kwana zaure a buɗe, kunya ta hana su fita kasuwa.

"To, raƙumi dai kun san tafiyarsa," in ji Iya, tana rangaji da kafaɗa. "Kowane taku, bango ya yi tari. Kowane zango, ya zubar da haƙori. Da suka isa bakin kogi Kumandan ya tara manya, ya ce a kwance su ga Damagaram. Aka kwance. Sai ƙasa, buhu guda, da kashin jaki a ciki."

Nan muke faɗuwa da dariya har gyaɗa ta shaƙe mu. Ta jira muka gama, sannan ta ce kafin ma raƙuman su dawo, babanta ya kwaɓa sabuwar ƙasa, unguwa ta kawo ruwa, ya yaɓe zauren ya zana wanda ya fi na da. Dama duk bayan damina haka ake yi. Kumandan ne bai tambaya ba.

Daga nan sai ta sa yatsa cikin toka ta zana dagin nan, ba ta ɗaga hannu ba har ta rufe shi. Muna cikin kallo ta shafe shi tas.

"Kumandan ya zo ya kwashe. Wa zai mayar?"

Yara su yi ta rububi. Na Mariyama da farko kamar sawun kaza, Iya ta shafe, ta sake, ta shafe, ta sake. Ni kuwa na naɗe hannu. Ɗan lakwal mai alli ba ya wasa da toka.

Shekaru suka ja. Neman abinci ya kawo ni Riyad, na tsufa a bayan sitiyari. Akwai lokacin da kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya mini, ya haɗa ni da wani injiniya Bafaranshe in riƙa kai shi aiki. Na ce yau ranar ilimina ta zo. Muna kan hanyar Murabba na gyara murya na rero masa lardunan nan kaf. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ai tun kafin a haifi kakan kakansa aka soke su a takardar mulki. Sai dai, in ji shi, har yau uwarsa tana dafa abincin lardinsu, kuma da sunansa take kiran kanta. Na ji maganar, amma ban gane ba. Na ɗauka ba'a yake mini.

Bara ne jikata Hanan, wadda aka haifa a nan, Larabcinta ya fi Hausarta gudu, ta dawo daga makaranta ido jawur. An sa ranar al'adu, kowace yarinya ta kawo abin ƙasarsu. Wata a ajin ta ce mata ai ku ba ku da komai sai abin da Faransa ta bari.

Ta kira ni kaka da Larabci: "Jaddi, ba zan je ba. Zan ce ba ni da lafiya."

Na ce, "Haba amaryata, kina da ni? Tashi ki ƙame. Ce Normandi."

Har na aika baƙala, kantin unguwa, a sayo dogon burodi ta riƙe. Yarinya ta dube ni, ta dubi burodin, ta fashe da kukan da ya fi na farko. Ashe abin da aka zage ta da shi na miƙa mata.

Hajiya Mariyama ta fito daga kicin. Ta zuba garin alkama a faranti, ta share da tafin hannu, ta sa yatsa. Na matso na leƙa. Dagin Iya Gambo ne, layi bai kauce ba. Ta shafe shi, ta ce, "Kumandan ya kwashe. Wa zai mayar?"

Sai na ji bakina yana ba da labarin raƙuman, har da rangajin kafaɗa. Hanan ta share hawaye ta sa yatsa. Sawun kaza ta fara yi ita ma.

Ranar bikin da faranti da rairayi ta tafi. Ta ba su labarin da Larabci, ta zana, ta shafe, ta ce wa zai mayar. Aka ce 'yan aji har ture juna suke yi, malamarsu ma ta naɗe hannun riga. Wadda ta yi gorin ita ta fi kowa nacewa a koya mata. Hanan ta dawo tana tsalle, ta ce da aka tambaye ta daga ina take, da ƙarfi ta ce Damagaram.

Yanzu na fahimci abin da Iya ke yi da tokar nan. Abin da raƙumi zai iya ɗauka, wani zai iya ƙwace shi, hanya ta cinye. Wanda aka sa wa yaro a yatsa kuwa, ga shi ya ƙetare teku babu iƙama, takardar izinin zama, ya fito a farantin gari a Gubaira. Uwar injiniyan nan ma abin da take yi ke nan a tukunyarta.

Da yamma maƙwabta suka shigo taya murna. Na gyara zama, na ce ai ba mamaki, jinina ce, gadon gidanmu ne na damƙa mata.

Hajiya ta ajiye butar shayi.

"Alhaji, bakin wuta ɗaya muka zauna ni da kai. Ni na tashi da zane a yatsa, kai ka tashi da ƙonannen wando."