Rubutun Kachollom a Bayan Hannun Katung

Maƙwabcina Katung, wanda muke kira Baban Jemima, shekara goma sha tara ke nan yana tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti da ke Camberwell. Mutumin Kagoro ne, dogo, marar hayaniya, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai cikin ladabi irinsa ba. Ka ba shi shawara ya ce "to, na gode", gobe ka tarar da shi inda ka bar shi. Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu a Plumstead. Ni kuwa Rukayatu, ana ce min Maman Ihsan, sana'ata gyaran jikin amare: dilka, halawa da lalle.

Matarsa Kachollom ƙawata ce ta ƙut da ƙut. Kullum da safe takan liƙa 'yar takarda a murfin kwanon abincinsa, ta rubuta: "Katung, ka ci abinci." Ta san halin mijinta, in aiki ya yi yawa sai ya dawo da kwanon yadda ya tafi da shi. Da ta rasu, shekara uku ke nan, ya ɗauki takardar ƙarshe ya kai shagon masu zanen jiki, suka kwafe masa rubutun a bayan hannunsa na hagu da allura da baƙar tawada, daidai yadda hannunta ya ja shi. 'Yan cocinsu suka yi ta ƙananan maganganu. Ni ma na ce masa ni dai ba zan yi ba, ya ce to, ya gode. Ba a jima ba takardar ta bi aljihun wando cikin injin wanki ta dagargaje. Daga ranar, rubutun Kachollom bai saura ko'ina ba sai a wannan hannun.

Wata Lahadi da rana, ana tsakiyar sanyin Fabrairu, 'yarsa Jemima, malamar makaranta, ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ta ce, cikin Turancinta, babanta ya daina cin abincin kirki, kuma kullum hannunsa na cikin aljihu. Na zuba tuwo da miyar kuka na bi ta.

Sai da na yi da gaske kafin ya fito da hannun. Ya bushe, ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa garin rogo, rubutun ya dusashe, da ƙyar ake karanta shi.

"Maman Ihsan, gogewa yake yi," in ji shi. "Na so in yi booking wurin masu zanen a sake bin rubutun, amma ina takardar? In wani ya bi ta kai, ai hannunsa ne, ba nata ba."

Na tambaye shi yadda yake kula da wurin. Ya ce a asibiti yana wanke hannu ya fi sau talatin a rana, amma wurin rubutun ruwa da kumfa kawai yake bari su bi ta kai. Tun da zanen ya warke bai taɓa cuɗa shi ba, bai taɓa shafa masa mai ba, don kada tawadar ta fita.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kachollom. In ta yi lalle ba ta yarda a cuɗa wurin."

Na fashe da dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ni ce mai yi mata lallen, ni ce kuma na kafa mata wannan dokar. Bawan Allah ya kusa shekara uku yana riƙon zanen allura kamar lallen biki.

Na ce, "Baban Jemima, lalle a saman fata yake, shi ya sa yake fita. Wannan tawada a ƙarƙashi take. Abin da kake gani matacciyar fata ce ta taru ta rufe shi."

Ya ce, "To, na gode," ya mayar da hannun aljihu.

Na san tsoro ne. Idan ni ce na yi kuskure, shi ke nan ya rasa ta karo na biyu. Sai na ce a gwada a harafi ɗaya tak, na ƙarshe. Na haɗa sukari mai laushi da man zaitun da ɗan zuma, ban sa lemon tsami ba, ban kuma ɗauko dilkar amare mai ƙarfi ba. Ni ba na riƙe hannun namiji, saboda haka Jemima ce ta jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ta riƙa murzawa da ɗan yatsa a hankali, ina tsaye a kanta. Katung ya kawar da kai, ya ƙura wa bango ido.

Da ta ɗauraye ta shafa man kaɗanya, sai ga harafin ya fito baƙi wuluk.

Ya daɗe yana kallo. Can sai ya ce, "Jemima, ɗauko min dutsen goge kaushi a banɗaki."

Na ce, "Wallahi ka taɓa dutsen nan sai na kai ƙararka wurin fasto! Diddige aka ce maka? Sau ɗaya a mako, da ɗan yatsa. Mai kuwa duk bayan wanke hannu. In zafi ya shigo ka shafa man kariyar rana, ita ce mai cinye tawada."

Jemima ta bi sauran haruffan ɗaya bayan ɗaya. Bakin wasu ya ɗan baje, ban ɓoye masa ba, wannan ba zai koma kamar sabo ba. Amma hannun Kachollom ne, ko daga bakin ƙofa na gane shi.

Na buɗe kwanon tuwon na tura gabansa. Ya fara cewa, "Na gode, ai ba na jin..." sai idonsa ya sauka a bayan hannunsa. Ya tashi ya wanke hannun dama, ya dawo ya zauna, ya ɗora na hagun a kan tebur inda zai riƙa ganinsa, ya cinye tuwon tas.